Gayyar Kwashe Shara a Wuraren Shaƙatawa: Yadda Ake Shirya Ta a Birni Irin Kano

Tambayar farko da mai shirin kiran gayyar shara zai amsa ita ce: in mun tara, ina za a kai? Maganar yawan mutane da tsintsiya da rigunan da za a buga wa suna duk a baya take. Yawancin gayyar da ke lalacewa a nan take lalacewa. Matasa su fito da zafinsu, su share fili tas, su tara tsibi uku a bakin titi, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Kafin la'asar awaki sun tone, iska ta kwashi leda ta mayar inda aka tsinto ta. Maƙwabta kuwa da sun hango tsibi sai su ɗauka sabon juji aka buɗe musu, sai ga yara da bokitan shara a ka. Bayan sati guda wurin ya fi da ƙazanta, waɗanda suka fito kuma sun yi rantsuwa ba su ƙara ba.

Saboda haka ba a sa rana sai an gama maganar kwashewa. A Kano hukumar da ke da alhakin kwashe shara ita ce REMASAB, a Abuja AEPB, a Kaduna KEPA, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da sashen duba-gari. A rubuta takarda, a kai da hannu, a karɓi lambar wayar wanda zai turo mota, a kira shi ana jibi, a sake kiransa daren ranar. Duk da haka a yi tanadin kai. Mota takan lalace, mai yakan ƙare, wani aikin yakan taso. A nemi mai a-kori-kura ko mai tifa na unguwa a yi ciniki da shi tun da wuri, ko a tanadi baro da kura idan matattarar shara ta hukuma ba ta da nisa. Wani daga cikin masu shiri ya taka da ƙafarsa ya ga matattarar, ya tabbatar ta hukuma ce. Kwashe shara daga fili a juye ta cikin kududdufi ko a gindin badala sauya mata mazauni ne kawai.

Wane wuri, kuma na waye?

Wuraren da muke kira na shaƙatawa iri biyu ne. Akwai masu katanga da ƙofa da ma'aikata, irin Gidan Zoo na Kano da ke nan tun zamanin Gwamna Audu Bako, ko Gamji a bakin kogin Kaduna, ko Millennium Park na Abuja wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003. Waɗannan suna da masu shara nasu. Gayya a cikinsu taimako ce, kuma ta fi amfani bayan Sallah, lokacin da dubban yara suka yi kwanaki suna shiga da fita, ma'aikatan da ke akwai ba za su iya da abin da aka bari ba. Sai an sami izinin shugaban wurin, a bi tsarinsa, musamman inda akwai dabbobi.

Sai kuma waɗanda ba su da mai su a zahiri: filin ƙwallon unguwa, filin idi, inuwar darbejiya da ake majalisa, ɗan lambun da ke tsakiyar shataletale, gefen makarantar firamare. Waɗannan su ne suka fi bukata, su ne kuma nake ba da shawarar a fara da su. A zaɓi guda ɗaya, ƙarami, wanda mutum ashirin za su gama cikin awa biyu. Ƙungiyar da ta ce za ta share unguwa gaba ɗaya a yini guda takan ƙare da taɓa ko'ina ba tare da ta gama ko'ina ba.

Fili marar katanga ma yana da masu iko da shi. Akwai mai unguwa, akwai limami, akwai dattawan majalisa, akwai mai shayi da mai tsire da mai gyaran babur da ke cin abinci a wurin. A fara da mai unguwa, a je masa gida, ba a tare shi a hanya ba. Bayan gaisuwa magana ba ta da tsawo: "Ranka ya daɗe, mu 'ya'yanka ne, muna so mu share filin nan ranar Asabar, mun zo neman izini da albarka." Shi zai faɗa wa limami a yi sanarwa bayan sallar magariba, shi zai raba gardama idan wani ya ce an taɓa masa kaya. Masu sana'ar wurin kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya. Rabin sharar daga cinikinsu take fitowa, amma ranar farko ba ranar faɗa musu haka ba ce. A ce, "Malam, za mu ɗan matsar maka da benci da safe, in mun gama mu mayar." Wanda aka girmama haka, sau da yawa shi ne zai fara kawo ruwan zafi.

Kwana biyu ko uku kafin ranar, mutum biyu su zaga wurin da takarda da biro. Abin da ake dubawa: ina shara ta fi taruwa, wace iri ce, ina kwata ta bi, ina ruwa ke kwanciya, akwai wayar lantarki a ƙasa, akwai rami ko tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe, akwai inda ake bahaya. Wannan zagayen ne zai nuna yawan buhuna da irin kayan aikin da za a nema.

Rana da lokaci

Kano tana da tsaftar muhalli ta ƙarshen wata: Asabar ɗin ƙarshe, daga bakwai zuwa goma na safe, ana hana zirga-zirga, kotun tafi-da-gidanka tana cin tarar masu karya doka. Al'adar ta samo asali tun yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin Buhari da Idiagbon da aka fara a 1984. Kowa ya san yadda mutane da yawa ke cin waɗannan awoyi uku: barci, ko ƙwallo a kan titin da babu mota. Amma ga mai gayya dama ce, don mutane suna gida, titi ba hayaniya, motocin hukuma kuma suna waje. Ruwanda ma Asabar ɗin ƙarshen wata take yin nata aikin gayyar, wanda suke kira Umuganda, kuma tsaftar Kigali ta zama abin kwatance a Afirka. Sai dai nasu dole ne, ga shi sun hana ledar cefane tun 2008. Gayyarmu ta sa-kai ce, ba mu da sanda sai lallashi.

Akwai kuma Ranar Tsaftace Duniya. Asalinta daga Istoniya ne, inda a ranar 3 ga Mayun 2008 mutum kusan dubu 50 suka fito suka kwashe shara kimanin tan dubu 10 cikin 'yan awoyi. Daga baya abin ya bazu, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa 20 ga Satumba tun daga 2024. Rana ce mai kyau ta jawo hankalin 'yan jarida, amma a ƙasarmu tana zuwa ne damina ta kusa tafiya, ɓarna ta riga ta faru. Gayyar da ta fi tsare mu ita ce ta Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko ya kwashi ledar rani gaba ɗaya ya cusa a kwata. Matsalarta zafi, don a watannin nan Kano kan haura digiri 40. A fara da an idar da asuba gari ya waye, a tashi kafin goma. Da hunturu kuma a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, a sa takunkumi, in ba haka ba kowa zai koma gida da tari. Cikin azumi a haƙura, ko a taƙaita zuwa awa guda.

Kayan aiki

Ba a bukatar sayen abu mai yawa. Tsintsiyar kwakwa mai kauri, manjagara, shebur, baro, adda ko lauje don ciyawa, duk ana samun aro a gidaje da wurin magina. A rubuta sunan mai kaya a jikin ƙota, a rubuta a littafi, don ɓatan shebur ɗaya ya isa ya hana a ƙara ba ku aro har abada. Buhunan shinkafa ko na taki da aka gama da su sun fi baƙar ledar shara ƙarfi, kwalba ba ta yaga su, kuma ana juyewa a sake amfani da su.

Abu biyu ne ba a yi musu rowa: safar hannu da takalmi. Safar asibiti mai laushi ba ta da amfani a nan, ƙaya ma tana huda ta. A sayi mai kauri irin ta leburori. Wanda ya zo da silifas a ba shi aikin rabon ruwa ko riƙe littafi, kada ya shiga cikin juji. A je wurin maƙera a samo awartaki biyu ko uku masu dogon hannu don ɗaukar abin da ba a taɓawa. Sai akwatin taimakon gaggawa: sabulu, ruwa mai tsabta, auduga, maganin wanke ciwo, filasta, bandeji.

Ruwan sha kuwa a kawo shi cikin kula ko jarka, kowa ya zo da kofinsa. Na sha ganin gayyar da aka raba wa mutane fiya wata, aka gama shara, sannan aka bar sabbin ledoji a daidai inda aka zauna hutawa.

Ranar aiki

Kafin kowa ya sunkuya, a tara mutane minti biyar. A yi addu'a, a nuna iyakar wurin, a faɗi lokacin tashi, a nuna wanda ke riƙe da akwatin magani. A raba jama'a rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar, kowane rukuni da yankinsa da shugabansa. Mata da 'yan matan Islamiyya a ba su nasu ɓangaren da shugabarsu, hakan ya fi sa iyaye da mazaje su bari a fito. Yara su tsinci leda da gora a fili mai sarari, kusa da babba. Idan almajirai za su shiga, a nemi izinin malaminsu, a ba su safa kamar kowa, a ciyar da su kamar kowa. Gayyar da 'ya'yan masu gida ke riƙe waya almajirai na riƙe shebur ba gayya ba ce.

Tsintuwa ake fara yi, shara ta biyo baya. Wannan shi ne abin da aka fi kuskurewa. Da zarar manjagara ta haɗa komai wuri guda, ganye da leda da kwalba da kunzugun yara sun cakuɗe da ƙasa, ba mai iya rabawa, dole duka ya tafi juji. Don haka a jera sahu, kowa da buhunsa, a taka a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, iska tana bayan mutane don abin da ya tashi ya faɗa inda ba a kai ba tukuna. Wannan buhun na gorar roba ne, wannan na gwangwani da ƙarfe, wannan na leda, wancan na abin da ba shi da sauran amfani.

Ka tsuguna gindin darbejiya guda a filin da aka yi hidimar Sallah ka duba da kyau. A sama ledar fiya wata ce, an ciji kusurwa an tsotse an yar. Ƙarƙashinta tsinken tsire, takardar da ta sha mai da yaji, ledar alawa, murfin gora, fasasshen balan-balan, bawon rake da aka tauna. Ka sa yatsa ka ɗaga ƙasar kaɗan, sai ka tarar da baƙar ledar bara da ta bara waccan, rana ta gasa ta, tana marmashewa a hannu. Wannan ba ruɓewa ta yi ba. Ta farfashe ne ta zama ƙanana, tana nan cikin ƙasa, kaji na tsattsaga, ruwa na ja. Ledar da aka tsinta bana tana ɗaguwa ɗungurungum, ta shekara uku kuwa sai dai a kankare da ƙasar a tafi da ita.

Akwai abubuwan da babba kaɗai ke ɗauka, da awartaki. Allura da sirinji da reza a jefa su cikin gorar roba mai kauri, a ɗaure murfi, a rubuta a jiki, a kai asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa su haɗa da nasu. Ba a ƙoƙarin mayar wa allura murfinta. Fasasshiyar kwalba a zuba a bokiti ko kwali, kada a sa a buhun da wani zai saɓa a kafaɗa. Batir a ware shi daban. Mushe da kunzugu da bahaya a kwasa da shebur. Ba a cusa hannu ƙarƙashin dutse, tsohuwar taya ko tarin bulo, a fara juyawa da sanda, don nan kunama da maciji ke fakewa. Wanda ƙusa ko gwangwani ya yanka a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ya je asibiti a ranar saboda allurar tetanus. Wanda allura ta soka kuwa kada ya kwana bai ga likita ba, domin maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A kwantar da mutum a kai shi asibiti.

A wasu lungunan za a tarar da kwalaben maganin tari da fankon ƙwayoyi jibge. A kwashe, a ƙirga, a sanar da mai unguwa a keɓe. Ba aikin masu gayya ba ne su tsaya nuna yatsa.

Kada a ƙona

Za a sami wanda zai ce, "Ku kawo ashana mu huta." Mutumin kirki ne, haka ya taso ya ga ana yi. A hana shi. Wutar juji ba ta da zafin da zai cinye roba sarai, cin-cin take yi tana fitar da baƙin hayaki yini guda, wani lokacin har kwana. Cikin hayaƙin akwai ƙura mai laushi da ke shiga can cikin huhu, kuma wasu robobin, irin na bututun ruwa da bawon waya, suna fitar da gubar da ake kira dayoksin, wadda ke taruwa a jiki kuma ana danganta ta da ciwon daji. Masu asma da jarirai da tsofaffin da ke gidajen kusa su ne ke biyan kuɗin. Tokar da ta rage ma guba ce, akuya ta lasa, ruwa ya wanke ta zuwa kwata.

Bishiya ma tana shan wahala. Duba darbejiyoyin bakin hanya da aka saba tara shara a gindinsu ana cinna wuta: gefe ɗaya baƙi ƙirin, ɓawon ya ɗaye, ciki ya fara rami. Rayuwar bishiya a ƙarƙashin ɓawonta take, nan abincinta ke bi. In wuta ta zagaye gindin, bishiyar da ta shekara talatin tana ba da inuwa sai ta bushe a tsaye, ko iskar farkon damina ta kayar da ita kan rumfar wani.

Ganye ba shara ba ne

Mu mutane ne masu son ganin ƙasa fes, an share har sawun tsintsiya ya fito. A tsakar gida da harabar masallaci hakan daidai ne. A gindin bishiyoyin lambu kuwa asara ce. Busasshen ganye yana rufe ƙasa daga rana, yana riƙe laima, yana rage ƙura, in ya ruɓe ya koma abincin bishiyar. A tsince leda daga cikinsa, a share hanyoyin da ake bi da wuraren zama, ragowar a tura shi gindin itatuwa, a bar ɗan tazara tsakaninsa da jikin bishiyar saboda gara.

Idan ya yi yawa a yi taki. A haƙa rami a wani lungu mai inuwa, zurfinsa zuwa gwiwa ko ƙugu. A zuba ganye da ciyawa da bawon 'ya'yan itace kamar taƙi guda, a bi da kashin awaki ko na shanu, a barbaɗa ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har ya cika. Laimar da ake so ita ce in ka damƙa ka matse ya dunƙule ba tare da ruwa ya zubo ba. A riƙa juyawa duk sati biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen sharar birni suna kaiwa gona, kuma kukansu kullum shi ne leda da kwalbar da ke ciki. Takin da ba leda ba ya kwantai.

Kwata

Fili ba ya tsabta in kwatar da ke gefensa a toshe take, kuma yasar kwata ita ce mafi nauyin aikin. Manya majiya ƙarfi za a ba, da takalmin ruwa da shebur. A fara daga inda ruwa ke fita a yo sama, don abin da aka buɗe ya sami hanya. Laka da aka fitar a bar ta ta tsane, amma a kwashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Wadda aka bari a bakin kwata ruwan farko zai mayar da ita ciki, aikin ya zama na banza. Kwalbati rufaffe kuwa ba a shiga, iskar da ke taruwa ciki tana sumar da mutum kafin ya ankara. A sa dogon ƙarfe daga waje, abin da ya gagara a kai wa hukuma.

Amfanin wannan wahalar ya wuce unguwa. Ruwan da ya bar tsakiyar birnin Kano yawancinsa Jakara yake faɗawa, ya gangara har madatsar Wasai ta wajen Minjibir, kuma a bakin hanyarsa ake noman latas da alayyafo da sauran kayan lambun da ke dawowa kasuwanninmu. Kududdufan da a da suke shanye ruwan sama an cike da yawansu da shara an yi gini, saboda haka kwata ce kaɗai ta rage wa ruwan Agusta. In leda ta toshe ta, cikin gidaje zai bi, ya haɗu da masai da rijiya, daga nan sai amai da gudawa.

Sai sauro. Daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwan da ya kwanta a fili, irin wanda toshewar kwata ke haddasawa. Mai kawo cutar shawara kuwa cikin gwangwani da tsohuwar taya da gindin fasasshiyar gora yake hayayyafa, ruwa cikin murfi ma ya ishe shi. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Lissafin kwanakin ƙyanƙyasar sauron nan yana nuna cewa da damina gayyar wata-wata ba ta isa ba, sai an sami mutum biyu ko uku da za su riƙa zagawa duk sati suna kifar da duk abin da ya tara ruwa.

Dabbobi ma suna cikin masu cin riba. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farka tumbin akuyar birni: dunƙulen leda, ya murɗe da igiya da tsumma, ya yi tauri. Dabbar tana ci ba ta ƙiba, cikinta a kumbure, mai ita yana ta sayen magani. Ledar da aka ƙulla ƙosai ko awara tana da gishiri da mai, shi ya sa suke haɗiye ta.

Abin da ke da kuɗi

Gorar ruwa da ta lemo, gwangwanin alminiyam, ƙarfe, fasasshen bokiti da kujerar roba, tsofaffin silifas, duk suna da masu saye. 'Yan jari-bola sun fi kowa sanin farashi, kuma daga hannunsu kayan ke wucewa zuwa masu niƙa roba da masana'antun Sharaɗa da Bompai, ƙarfe kuma ya nufi irin su Ƙofar Ruwa. A gayyaci ɗaya wanda mai unguwa ya sani, ya zo da sikelinsa, a auna a gaban jama'a, a rubuta. Kuɗin ba zai yi yawa ba, amma yakan sayi safar gayya ta gaba. Ledar fiya wata ma akwai masu karɓa idan an tara da yawa kuma busasshiya ce. Fararen robobin nan marasa nauyi da ake zuba abincin sayarwa su ne ba su da mai so. Legas ta hana amfani da su a Janairun 2024. Doka kaɗai dai ba ta share gari. Nijar ta hana ledar cefane tun 2014, amma wanda ya zaga Yamai ko Maraɗi ya ga yadda take lilo a kan ƙaya.

Kafin a ɗora buhuna a mota a ƙirga su iri-iri, a rubuta. Wannan littafin shi ne hujjarku. In ya nuna rabin abin da aka tara ledar ruwa ce daga gefen da ake ƙwallo, kun san da wa za ku zauna. In za ku koma wurin hukuma neman kwandon shara, lissafi a takarda ya fi dogon bayani.

Maganar kuɗi a yi ta a fili. Karo-karo kaɗan daga 'yan unguwa ya fi babbar kyauta daga ɗan takara, don ranar da hotonsa ya hau rigunanku rabin unguwa sun janye. In mai hali ya ce zai taimaka, a ce ya sayo baro ko ya biya mota.

Bayan an watse

Wani masani ɗan Amurka, Robert Cialdini, da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 1990. Sun riƙa maƙala takardar talla a gilashin motoci a wurin ajiye motoci, wani lokacin sun share wurin, wani lokacin sun watsa shara da gangan. Inda ke da shara mutane sun fi yar da takardar a ƙasa, inda ke da tsabta sun fi tafiya da ita. Abin da mu ma muka sani ne: ba mai son ya zama na farkon ɓata wuri, amma kowa yana iya zama na ɗari. Ma'anarsa ga mai gayya ita ce satin farko bayan aiki shi ne mai tsada. Leda goma da aka tsince ranar Litinin sun hana dubu taruwa.

Don haka kafin a watse a sa ranar dawowa, a faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji, a raba kwanakin sati tsakanin masu zagayen minti goma. A yi godiya ga kowa da sunansa, har wadda ta aiko da kunu daga cikin gida, a mayar da kayan aro a ranar, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

Sai wurin zuba shara, don mutumin da ya sha ruwa yana riƙe da leda ba zai kai ta gida ba. Rabin duro ya wadatar. A huda gindinsa kada ya tara ruwa, a ɗora shi kan bulo, a ɗaure da sarƙa jikin ƙarfe, a yi masa murfi saboda awaki. A ajiye shi inda ake ci da sha, kusa da mai shayi da mai tsire da bakin filin ƙwallo, ba can lungun da ba mai zuwa ba. Kada a ajiye ko ɗaya sai an san sunan wanda zai riƙa juye shi da ranakun da zai yi hakan. In mutum ɗaya kuka samu, duro ɗaya za ku sa.